Dokta R. M. East da Littafin Jiki Magayi

Duk wanda ya nazarci tarihin ƙagaggun labaran Hausa, ba makawa ya ci karo da sunan Dokta Rupert East. An haife shi a shekarar 1898, ya zo Nijeriya a matsayin jami'in ilmi na gwamnatin Turawa. Ya yi aiki a ƙasar Tibi, har ma ya fassara tarihin da Akiga Sai ya rubuta na mutanensa zuwa Ingilishi, aka buga shi a 1939. Amma aikin da ya sa ake tunawa da shi a ƙasar Hausa, shi ne wanda ya yi a Hukumar Fassara da ke Zariya, wadda daga baya aka mayar da ita Hukumar Talifi.

A 1933 ne East ya zaga manyan garuruwan Arewa yana roƙon malamai da 'yan boko su ƙago labarai da Hausa. Wannan gasa ita ta haifar da littattafai biyar: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, sai kuma Jiki Magayi, wanda shi kaɗai ne ke ɗauke da sunan East tare da na John Tafida.

Jigon Jiki Magayi shi ne laifi da ramuwar gayya. Malam Shehu, attajirin da bai taɓa haihuwa ba, ya yi amfani da dukiyarsa ya raba Abubakar da Zainab. Abubakar ya shiga duniya neman asiri, ya kuwa samu, ya lalata ɗan da suka haifa, watau Kyauta. Yaro ya tashi ɓarawo, ya bar gida, daga bisani ya kashe mahaifinsa ba da saninsa ba.

Abin lura a nan shi ne, littafin ya saɓa wa labaran binciken laifi na Turawa, inda ake ɓoye mai laifi sai a shafin ƙarshe. A Jiki Magayi mai karatu ya san wanda ya yi kisa. Abin da aka bar masa ya warware shi ne, a wuyan wa alhaki ya rataya: attajirin da ya fara zalunci, ko wanda ya rama a kan jariri, ko kuwa yaron da aka juyar wa hali? Wannan tambaya ce ta sa littafin bai tsufa ba.

East bai tsaya nan ba. Da hannunsa a kafa jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, da Kamfanin Gaskiya a 1945, kuma shi da Abubakar Imam suka rubuta Ikon Allah. Ya rasu a 1975.

Gaskiya ne ma'aikacin mulkin mallaka ne, kuma makarantun gwamnati ya nema wa abin karantawa. Duk da haka, adalci ne manazarci ya auna shi da abin da ya bari: ya matsa wa Hausawa su rubuta nasu da harshensu, suka rubuta, ana kuma karantawa har yau.