Johann Wilhelm Ritter: Mutumin da Ya Gano Hasken da Ido Ba Ya Gani

A wannan fitowa zan kawo wa 'yan'uwana ɗalibai taƙaitaccen tarihin wani masanin kimiyya ɗan Jamus, Johann Wilhelm Ritter. An haife shi a ƙauyen Samitz a yankin Silesiya a shekarar 1776. Ya fara da koyon aikin haɗa magunguna, sannan ya shiga Jami'ar Jena a 1796.

A 1800 William Herschel ya gano wani zafi marar ganuwa a gefen jan launi na bakan haske. Ritter ya yi tunanin cewa lallai ɗaya gefen ma ba zai rasa nasa ba. A 1801 ya raba hasken rana da gilashi mai kusurwa uku, ya ɗora launukan a kan takardar da aka shafa wa sinadarin azurfa mai suna silba kulorayid, wanda haske ke mayar da shi baƙi. Takardar ta fi yin baƙi a bayan launin shunayya, inda ido ba ya ganin komai. Wannan shi ne hasken ultrabayolet, mai ƙona fata kuma mai kashe ƙwayoyin cuta.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne takardar ba ta buƙaci batir ba, hasken da kansa ya yi aikin. A yau masu bincike suna bin wannan manufa da kayan ferobiskayit irin su bariyom titanet. Wutar lantarki da ke daskare a cikinsu tana raba cajin da haske ya haifar, sai na'ura ta nuna alama ba tare da an jona ta da wuta ba.

Ritter bai ci moriyar aikinsa ba. Ya riƙa gwada wutar batir a idonsa da harshensa, abin da ya raunana lafiyarsa. Da ya koma Miyunik, ya shiga binciken neman ruwa da sanda, sai masana suka daina amincewa da shi. Ya rasu cikin talauci a 1810 yana da shekara 33, ya bar mata da 'ya'ya huɗu. Gwajinsa na 1801 kuwa ya tsaya, domin duk wanda ya maimaita shi yana samun sakamako iri ɗaya.