Svante Arrhenius: masanin da ya lissafa ɗumamar duniya, ya kuma ɗauke ta alheri

A shekarar 1896, lokacin da mota ke abin kallo a titunan Turai, wani malamin kimiyya a birnin Sitokholm ya wallafa lissafin da ya nuna cewa idan iskar kabon dayoksaid da ke sararin samaniya ta ninka, zafin duniya zai ƙaru da digiri 5 zuwa 6 a ma'aunin Salshiyas. Sunansa Svante Arrhenius, kuma shi ne ya fara sanya adadi a kan abin da yau ake kira ɗumamar yanayi. Sakamakon bai tayar masa da hankali ba. Maraba ma ya yi da shi.

An haife shi ranar 19 ga Fabrairu, 1859, a Vik, kusa da Uppsala a ƙasar Suwidin. Ya shiga fagen ilimi da ƙafar hagu. A kundin digirin digirgir da ya gabatar a 1884, ya kafa harsashin ra'ayinsa cewa gishiri idan ya narke a ruwa yana rabuwa zuwa ƙananan ɓurɓushi masu ɗauke da cajin lantarki. Malaman Jami'ar Uppsala ba su gamsu ba, suka ba shi maki mai rauni. Sai ya aika kundin ga manyan masana a ƙetare, har Wilhelm Ostwald ya taso daga Riga don ya gan shi. A 1903 wannan ra'ayi ya jawo masa lambar yabo ta Nobel a ilimin sinadarai, ya zama ɗan Suwidin na farko da ya samu kyautar.

Sanyi ne ya kai shi ga binciken yanayi. Masanan Sitokholm na lokacin suna ta muhawara kan abin da ya sa ƙanƙara ta taɓa lulluɓe arewacin Turai dubban shekaru da suka shuɗe. Tun kafin nan John Tyndall ya nuna cewa kabon dayoksaid da tururin ruwa suna riƙe zafin da ƙasa ke fitarwa. Abin da Arrhenius ya so sani shi ne yawan wannan zafi. Ya ɗauki awon da Samuel Langley ya yi a Amurka kan zafin da ke isowa daga wata, ya kasa duniya shiyya-shiyya daga arewa zuwa kudu, ya bi kowace shiyya lokaci bayan lokaci na shekara. Bai manta ba cewa iska mai ɗumi tana ɗaukar ƙarin tururi, tururin kuma ya ƙara zafi. Da alƙalami da takarda ya yi wannan aiki na tsawon watanni, a daidai lokacin da aurensa da Sofia Rudbeck ke mutuwa. Ya gano cewa rage iskar da rabi zai sauke zafi da digiri 4 zuwa 5, abin da ya isa ya dawo da zamanin ƙanƙara.

Abokin aikinsa Arvid Högbom ne ya ja hankalinsa ga hayaƙin kwal na masana'antu. Arrhenius ya yi kiyasin cewa sai an yi dubban shekaru kafin ɗan Adam ya sauya yanayi sosai. A littafin da ya fitar a 1906, ganin yadda ƙona kwal ke ƙaruwa, ya rage wa'adin zuwa 'yan ƙarnoni, kuma ya yi hasashen cewa jikoki za su more sassaucin yanayi da yalwar amfanin gona, musamman a ƙasashe masu sanyi.

Lissafin nasa bai yi nisa da gaskiya ba. Kwamitin masana yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya, a rahotonsa na 2021, ya ce ninka iskar zai ƙara kimanin digiri 3. Hukuncin da ya yanke a kan lissafin ne ya karkata, domin ya auna duniya da mudun garinsu, inda hunturu ke da tsawo, damina kuma gajeriya. Manomin Sahel bai shigo tunaninsa ba. A Afrilun 2024 zafi ya kai digiri 48.5 a garin Kayes na Mali, alhali duk nahiyar Afirka ba ta fitar da kashi 4 cikin 100 na kabon dayoksaid ɗin da duniya ke fitarwa ta ƙona makamashi. Tambayar wanda zai ci riba da wanda zai biya, wadda ke raba kan ƙasashe a tarukan yanayi, tana nan kwance a cikin farin cikin Arrhenius.

Akwai wani tabo da bai kamata a rufe ba. Yana cikin jiga-jigan ƙungiyar tsarkake jinsi ta Suwidin da aka kafa a 1909, wadda ta yi fafutukar kafa cibiyar nazarin launin fata da aka buɗe a Uppsala a 1922. Bayan rasuwarsa, irin wannan tunani ya haifar da dokokin da aka hana dubun-dubatar mutane haihuwa a ƙarƙashinsu, daga 1934 har cikin shekarun 1970. Ya kuma yi amfani da tasirinsa a harkar Nobel wajen taka wa Dmitri Mendeleev na Rasha birki, mutumin da ya taɓa sukar ra'ayinsa.

Binciken yanayin nasa kuwa kwantawa ya yi. A 1900 Knut Ångström ya yi gwajin da ya sa masana da dama suka yarda cewa ƙarin iskar ba zai yi wani tasiri ba, aka jingine batun kusan shekara arba'in. Guy Callendar, injiniya ɗan Birtaniya, shi ya farfaɗo da shi a 1938, sannan Charles Keeling ya fara auna iskar a tsaunin Mauna Loa na Hawaii a 1958.

A ƙarshen rayuwarsa damuwar Arrhenius ta koma kan ƙarewar kwal da man fetur. Ya yi rubutu yana gargaɗi kan almubazzaranci da ma'adinai, yana kira da a nemi makamashi daga rana da iska da ruwa. Ya rasu ranar 2 ga Oktoba, 1927, aka binne shi a Uppsala. A zamaninsa kabon dayoksaid kimanin kashi 300 ce cikin miliyan ɗaya na iskar sama. Yau ta haura 420.