Seewoosagur Ramgoolam: likitan da ya raba tsibirin Moris da dogaro kan rake kaɗai

An haifi Ramgoolam ran 18 ga Satumba 1900. Mahaifinsa lebura ne da aka kawo daga Indiya don aikin gonar rake. Ya karanta likitanci a Landan, ya koma gida a 1935.

Da Moris, tsibirin da ke cikin tekun Indiya, ta samu 'yancin kai daga Ingila ran 12 ga Maris 1968, shi ne firaminista. A lokacin, sama da kashi 90 cikin ɗari na abin da take sayarwa waje sukari ne. Manomin geron Damargu ya san haɗarin dogaro da amfani guda.

A 1970 gwamnatinsa ta yi dokar sassauta haraji ga masana'antun da ke fitar da kaya waje. Masaƙu suka buɗe, mata suka samu aiki, yawon buɗe ido ya bunƙasa. A 1977 karatun sakandare ya zama kyauta.

Faɗuwar farashin sukari da rashin aikin yi sun kayar da shi a zaɓen 1982. Ya rasu ran 15 ga Disamba 1985.