Muhammadu Bello na Wurno: Sarkin da Ya San Yunwa

A garin Wurno, arewa maso gabas da Sakkwato, akwai kabarin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Ko da yake bangaskiyarsa dabam take da tamu, rayuwarsa tana da abin koya wa masu bi game da matalauta.

An haife shi a 1781, ɗan Shehu Usman ɗan Fodiyo ne. Sa'ad da yaƙin jihadi ya tashi a 1804, jama'ar Shehu suka bar gidajensu da gonakinsu, suka yi ta ƙaura, yunwa da cuta suka kashe da yawa. Bello yana cikinsu, ya ga wahalar nan da idonsa. A 1809 ya kafa birnin Sakkwato, a 1817 kuma ya gaji mahaifinsa.

Da ya hau mulki, bai ɗauki yunwar talaka abin da sadaka kaɗai za ta magance ba. Cikin littafinsa Usul al-Siyasa ya nuna cewa wajibi ne mai mulki ya ƙarfafa manoma, maƙera, maɗinka da marina, ya kula da kasuwanni da hanyoyi. Ya kafa garuruwan tsaro da ake kira ribaɗi, Wurno tana cikinsu, ya ja hankalin Fulani makiyaya su zauna wuri ɗaya, su yi noma, su koyar da 'ya'yansu. Ya yi rubuce-rubuce kan magani. Masu tarihin Sakkwato sun shaida cewa daga guminsa yake ci, ba daga baitulmali ba. Ya rasu a Wurno a 1837. Sardauna Ahmadu Bello, haifaffen Raba, daga zuriyarsa ya fito.

Amma akwai waɗanda tausayin zamanin bai kai gare su ba. Bayi ne suke noma gonaki masu yawa na daular, ana saye da sayar da su. Baturen Birtaniya Clapperton ya tattauna da Bello kan cinikin bayi a 1824, duk da haka sai a 1936 doka ta kawar da bauta ɗungum a Arewa. Kutare ma an daɗe ana gudunsu, kafin mishan ta SIM ta fara jinyarsu a Amanawa a shekarun 1930. Da haka, sannu a hankali, wanda ba a lissafa shi da mutum jiya ya zama maƙwabci.

Ya 'yan'uwa, wa muka bari a waje a namu zamani? Ga dam na Goronyo, ga fadamun shinkafa na Wurno, amma a 2022 rahoton hukumar ƙididdiga ta ƙasa ya sa Jihar Sakkwato a kan gaba wajen talauci. 'Yan bindiga sun kori manoma da yawa daga ƙauyukan Raba da Goronyo, gwauraye da marayu suka koma bara. Wasunmu kuwa suna ce da su malalata.

Mu karanta Matiyu 25 da Yakubu 2. Kwanon hatsi yana da kyau, amma ekklesiya ta ƙara da iri, jari da koyar da sana'a, ba tare da tambayar addinin mayunwaci ba. Ubangiji ya buɗe idanunmu. Amin.