Tarihin Marigayi Alhaji (Dakta) Mamman Shata Katsina

An haifi marigayi Alhaji Mamman Shata a garin Musawa, cikin Jihar Katsina ta yanzu, a shekarar 1923. Mahaifinsa, Malam Ibrahim Yaro, bai so ɗansa ya zama mawaƙi ba, domin a wancan zamani ana ɗaukar kiɗa a matsayin roƙo. Shata ya taɓa tallan goro, amma daga bisani waƙa ta rinjaye shi.

Abin da ya bambanta shi da manyan makaɗan zamaninsa shi ne bai zama mallakar wata fada ba. Ibrahim Narambaɗa makaɗin Sarkin Gobir na Isa ne, Musa Ɗanƙwairo kuma ya taso a fadar Maradun. Shi kuwa Shata da kalangunsa ya shiga duniya, ya yi wa sarki waƙa, ya yi wa direba da ɗan kasuwa. Wannan 'yanci ne ya ba muryarsa nauyi: wanda ya yaba ya ɗaukaka, wanda ya yi wa zambo kuwa ya shiga uku. Masu mulki sun san haka sarai, shi ya sa kowace gwamnati ta so a ce yana gefenta. A lokacin yaƙin basasa, daga 1967 zuwa 1970, ya yi waƙoƙin ƙarfafa wa sojojin tarayya gwiwa.

Bai tsaya ga yi wa 'yan siyasa waƙa ba, shi ma ya tsunduma. Ya zama kansila a Kankiya a shekarun 1970. A Jamhuriya ta Biyu ya shiga GNPP, sannan ya koma NPN. A Jamhuriya ta Uku aka zaɓe shi shugaban jam'iyyar SDP na ƙaramar hukumar Funtuwa, amma kujerar ba ta daɗe a hannunsa ba, aka tsige shi. Ba abin mamaki ba ne, mutumin da ya saba faɗin abin da ke ransa a gaban sarakuna da wuya ya iya biyayyar jam'iyya.

Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa na dakta a 1988. Dattawan manoman rani na Kura da Bunkure ba su manta da yadda muryarsa ke tashi daga rediyo a bakin gona ba.

Ya rasu a Kano ranar 18 ga Yuni, 1999, aka yi jana'izarsa a Daura, garin babban ubangidansa, Sarkin Daura Alhaji Muhammadu Bashar.