Abdou Moumouni Dioffo: Masanin da ya sa rana aiki

An haifi Farfesa Abdou Moumouni Dioffo a Tasawa, ƙasar Nijar, a 1929. Ya karanci kimiyyar fiziks a Faransa, sannan ya koyar a Mali. Daga 1969 ya shugabanci hukumar ONERSOL a Yamai, inda aka ƙera murhu da na'urar ɗumama ruwa masu aiki da zafin rana, domin magidanta su huta da sayen itace, daji kuma ya tsira. Ya rasu a 1991, aka sa wa jami'ar Yamai sunansa. Masu ƙera irin waɗannan kaya a Cibiyar Binciken Makamashi ta Sakkwato sawunsa suke bi. Abin da ya rage shi ne kayan su isa kasuwa da araha. Allah Ya jiƙansa.