Miklós Erdély: Mai zanen gini da gwamnatin Hangari ta hana nuna fim ɗinsa

An haifi Miklós Erdély a birnin Budapest a shekarar 1928. Zanen gine-gine ya karanta, amma sunansa ya fi fita a fagen zane-zane, rubuce-rubuce da shirya finafinan gwaji.

Ya yi zamani da mulkin gurguzu na János Kádár, lokacin da hukuma ke kasa ayyukan fasaha gida uku: na tallafawa, na kawar da kai, da na haramtawa. Mafakar irinsu Erdély ita ce ɗakin shirya finafinai na Balázs Béla, inda gwamnati ke ba da kuɗin aiki ba tare da sharaɗin sai an nuna wa jama'a ba. A nan ya shirya Partita a 1974. A 1978 kuma ya kafa ƙungiyar Indigo, wadda ta tarbiyyantar da matasan masu fasaha.

Fim ɗinsa da ya fi tayar da ƙura shi ne Verzió. Ya ɗauko shari'ar ƙauyen Tiszaeszlár, inda a 1882 aka yi wa Yahudawa ƙazafin kashe wata yarinya, aka kitsa wa wani yaro shaidar zur a kan mahaifinsa, kafin kotu ta wanke su a 1883. Erdély ya nuna yadda ake cusa wa yaron ƙarya har ta zame masa tamkar abin da ya gani da idonsa. Hukuma ta hana nuna fim ɗin.

Ya rasu a Budapest a 1986, shekara uku kafin rushewar mulkin gurguzu a ƙasar.